An tura ni koyarwa yankin Konni, don Allah wa ya san wurin sosai?

Mushe_Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ina neman bayani daga waɗanda suka san departeman ɗin Birnin Konni. Sunana ya fito, an tura ni koyarwa wata lakwal ta ƙauye cikin komin ɗin Bazaga, in Allah ya kai mu watan Oktoba da an koma lakwal zan tafi. Iyayena ƴan Damagaram ne amma a nan Yamai na tashi, iyakar sanina da Konni shi ne wurin da bis ke tsayawa a yi salla a ci abinci in za mu Zinder. To abin da nake ji a fada kala-kala ne, wannan ya ce can naira ake kashewa ba sefa ba, wancan ya ce kowa ɗan sumoga ne, wani kuma ya ce kada in kuskura in tafi da iyali saboda tsaro. Ina son in san yaya ƙasar take, su wane ne mutanen wurin, da me suke rayuwa, kuma madam tana ɗan taɓa sana'a, ko akwai abin da za ta iya yi can. Na gode.

Bakonne_a_Tawa

Wa alaikumus salam mushe, barka da samun wuri, Allah shi sa ka shiga a sa'a. Ni ɗan cikin garin Konni ne, aiki ya aje ni Tawa, amma ba ni wata guda ban leƙa gida ba.

Abu na farko da za ka aje ga kanka shi ne nisa. Daga Yamai zuwa Konni wajen kilomita 420 ne, ta Doso da Dogon Dutsi. Daga Konni zuwa Tawa ɗari da ƴan kai, sai ka kai Tsarnawa sannan ka bar babban gudro ka yi arewa ta Dabnu da Badagishiri. Amma daga Konni zuwa Sakkwato ko kilomita ɗari ba ta cika ba, Illela ta Najeriya kuwa, wadda muke ce ma Amarawa don kada a haɗa ta da Illela tamu ta Adar, ɗan kabu-kabu zai kai ka kafin shayinka shi huce. To in ka gane wannan ka gane rabin Konni. Takardunmu na Yamai ne, amma cefanenmu da suminti da taliya da bokitin roba da zannuwan aure, da dama daga kudu sunka saba shigowa, mu kuma mu tura musu bisashe da wake.

Departeman ɗin yanzu komin huɗu gare shi, Konni da Tsarnawa da Bazaga da Allela. Da can har Malbaza da Dogerawa duk namu ne, a 2011 anka yanke su anka yi ma Malbaza nata departeman, shi ya sa in ka ji mutumin Galmi na cewa shi ɗan Konni ne kada ka yi mishi gardama. Ƙasar kuma iri biyu ce. Akwai jigawa da tudu inda ake noman hatsi da wake da damina, ruwan sama kan kama milimita 400 zuwa 500 in shekara ta yi kyau, daga Yuni zuwa Satumba an gama. Sannan akwai kwarin Magiya wanda ya gangaro daga duwatsun Adar wajen Buza, ya biyo ta Tsarnawa da Konni ya faɗa tabkin Kalmalo cikin Najeriya, nan ne laka take da dawa da garake. Inda za ka, yamma ne, galibi ƙasar hatsi ce da kiwo, kada ka sa rai da kore da rani.

Maganar naira gaskiya ce amma ta tsufa kaɗan. Akwai lokacin da a ƙauyukan bakin iyaka in ka miƙa ma mai ƙosai sefa sai ta tsaya tana lissafi. Wajen 2014 jika guda, wato sefa dubu, ba ta wuce naira ɗari uku da wani abu ba, a 2024 kuwa jikar nan ta haura naira dubu biyu, to wa zai aje kuɗinshi cikin abin da ke narkewa? Yanzu kowa sefa shike so, naira ta zan ta shiga kasuwar Illela ran Lahadi a kashe a fito. Ƴan canji na nan zaune bakin tasha da damman kuɗi gabansu, su ne ke faɗa maka farashin ranar, kuma kai mai albashin sefa ribarka ce.

Sumoga kuma, to, ban ce babu ba. Shekara da shekaru ruwa-ruwa ne ya riƙe samarin garinmu, esansin Najeriya mai arha a bido bisa moto ta hanyoyin daji, a zuba a kwalabe bakin gudro. Ran 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta tashi har ta zo ta wuce dubu, mu kuma nan a 2024 gwamnati ta maida lita sefa 499. Sai abin ya juye, man SORAZ, matatar mai ta Zinder, ya koma shi ne mai arha. Yara da yawa sunka rasa abin yi, wasu sunka tahi biɗa Libiya da Aljeriya da Abijan yadda Adarawa sunka saba tun kakanni. Ni ra'ayina iyaka ita ce gonar Konni, ran da anka rufe ta a Agusta 2019 har Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi har Najeriya ta yanke muna kuran, kowa ya gani da idonshi, kamyo jere bakin hanya direbobi na dafa shinkafa ƙarƙashin mota, sai a Maris 2024 anka buɗe.

Alhajin_Albasa

Bakonne ka yi bayani amma wallahi wannan magana taka ta ƙarshe ban yarda da ita ba, kuma irinta ce ke sa mutanen Yamai na ɗaukarmu ƴan fasa-ƙwauri duka. Ku ƴan birni ku ne ke cin iyaka. Mutum nawa ne cikin ƙauye ke da moto da jarin bido goma? Talaka ruwa ke ciyar da shi, mushe ka rubuta wannan ka aje.

Ka je ka ga baraj ɗin Mozage da na Zango bisa Magiya, da matarar ruwa ta Cerasa kusa da gari, daga nan kanal ke ɗauko ruwa zuwa filin noman rani na Konni, wanda aka fara tun ƙarshen shekarun 1970, hekta sama da 2,400, ONAHA, hukumar filayen noman rani ta gwamnati, ke kula da shi tare da koperatib na manoma, kuma Amurkawa na MCC, hukumar tallafinsu, sun zo sun gyara kanal ɗin ƴan shekarun nan. Gida dubbai ke ci daga wurin, kowa da ƴar parsel ɗinsa da ba ta cika hekta ba, da damina dawa da masara, da can har da auduga sosai, da rani alkama da albasa da tumatir da shu da tattasai. Matsalar wurin yashi da laka da ke cike baraj, shekarar da ruwa bai taru ba sai a ce rabin fili kaɗai za a noma da rani, kuma ranar rabon ruwa za ka ga dattijai masu furfura na faɗa kan wa ya buɗe wa ya toshe.

Albasa kuwa ai ba sai na yi dogon bayani ba, sunan Galmi har Akra da Kumasi da Abijan an san shi. Ana zuba iri wajen Oktoba, a dasa Nuwamba zuwa Disamba, daga Fabrairu zuwa Afrilu a yi ta cira. To nan ne kukan yake, kowa ya cire lokaci guda, kowa na da bashin taki da na man injin ban-ruwa a wuya, sai buhu ya faɗi ƙasa warwas, kuma buhun namu ba ƙarami ba ne, ya fi kilo ɗari, a cika shi har a ɗinka masa hula a sama, hular nan kyauta ce manomi ke ba ɗan kasuwa ko yana so ko ba ya so. Mai hali shi ne wanda zai zuba tasa cikin rudu, rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa itace don iska ta riƙa ratsawa, ya jira Satumba ko Oktoba lokacin da kuɗinta ke ninkawa sau uku ko fiye, amma kafin nan wani kaso ya ruɓe, kullum sai an shiga an tsince. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil ta iyakar Benin a 2023 kuma hanya ta yi tsawo, albasa ba ta son kwana cikin mota da zafi, kwana biyu na ƙari a hanya asara ce tsantsa. Ka ga ni ma iyaka ta shafe ni, ban musa ba, amma sai an noma kafin a ɗora a mota.

Gabas kaɗan kuma ga Malbaza da izinin siminti tun shekarun 1960, saboda dutsen farar ƙasa da ke wurin, har an yi musu tashar kuran mai aiki da hasken rana a 2018. Galmi kuma akwai asibitin mishan tun 1950, har daga Sakkwato da Zamfara ake kawo marasa lafiya, wannan ya kamata mai iyali ya sani.

Jikan_Ardo

Sannunku. Na karanta na Bakonne na karanta na Alhaji, ɗaya ya ce iyaka ɗaya ya ce ruwa, babu wanda ya tuna da mai sanda, wato makiyayi, alhali ran Laraba in ka cire kara ta dabbobi daga kasuwar Konni ban san me zai rage ba. Haka Badagishiri ran Alhamis, haka Illela ran Lahadi, shanu da raƙuma da tumakin da ke cika ta yawanci daga wannan gefen suke ƙetarawa, daga can a loda su tirela zuwa Legas da Ibadan.

Mushe tunda Bazaga za ka, cikin ajinka za ka samu ɗiyan Hausawa, Konnawa da Adarawa da Gobirawa da Arawa, za ka samu ɗiyan Fulani, za ka samu na Buzaye waɗanda kakanninsu suka sauko daga arewa suka zauna suna noma, wasunsu Hausa ta fi Tamajak ƙarfi a bakinsu yanzu. Kowa na jin Hausa, ba za ka sha wahalar magana ba, sai dai Hausar yamma ce, munka sunka, da ta Sakkwato uwa ɗaya uba ɗaya, kai mai Hausar Damagaram za su yi maka dariya sati biyu su bari. Abin da nake roƙonka, in ka ga yaron rugga ya ɓace daga aji da an fara ruwa ko bayan girbi kada ka yanke cewa iyayensa ba su son karatu, dabbobi ne suka tashi. Da damina ana hawa arewa wajen Abalak da Azawak don a bar wa manoma gonakinsu, da kaka a gangaro, da rani wasu har cikin Najeriya. Ka je ka gaida ardo tun farkon zuwanka yadda za ka gaida hakimi, za ka ga bambanci.

Rigimar manomi da makiyayi kuma lokacinta sananne ne, ƙarshen kaka, hatsi na gona a ɗaure ba a kwashe ba, garke ya riga ya iso. Hukuma kan sa ranar sakin gonaki, kafin ranar in dabba ta shiga an yi ɓarna a biya, bayan ranar kara na kowa ne. Akwai dokar karkara ta 1993 da kwamitocin ƙasa da ake ce wa COFO, sun shata burtali sun kafa alamu, amma gona na cin burtali kaɗan-kaɗan kowace shekara, garka kuma ta kewaye bakin tabki ta hana shan ruwa, sannan yanzu manomi ya koyi kwashe karansa da harawa ya sayar, abin da da can musaya ne, ka ba ni kara in kwana gonarka in bar maka taki. Ba na cewa namu ba su da laifi, akwai yaran da ke sakin dabba da dare da gangan. Abin da ya faru a Bangi ta Madawa a Nuwamba 2016, da aka rasa rayuka kusan ashirin har da mata da yara, kowa a jihar Tawa na tunawa da shi, shi ya sa sarakuna ba su wasa da zaman sulhu in kaka ta gabato.

Hana fitar da dabbobi da gwamnati ta yi gab da layyar 2025, ku ƴan Yamai kun ji daɗi rago ya sauko, mu da muka yi wata shida muna ba shi dusa muna jiran ƴan Najeriya mu muka san yadda muka ji.

Gwaggo_Tsarnawa

Ɗana barka da arziki. Maza sun cika ka da lissafi, bari in amsa maka ta wajen madam. Ka tafi kai kaɗai tukuna ka ga ɗaki ka ga ruwa, don wasu ƙauyukan rijiya ce mai zurfi sai an ja da jaki ko a sayi bido wurin ƴan kura, in ya so bayan hutun Disamba ka ɗauko ta, ko ka kama mata ɗaki cikin Konni kana zuwa ƙarshen sati, malamai da yawa haka suke yi. Sana'a kam akwai. In tana da firji a gari, ƙanƙara da lemun zoɓo da rani ba su kwana, sai dai kuran na yawan ɗaukewa. In ta iya ɗinki ko lalle ko turaren wuta irin na gabas, to ta samu, matan nan suna son kayan Damagaram. Wasu kuma kan sari atamfa da kwanuka da takalma daga Illela su bayar bashi a biya sati-sati, amma wannan sai wadda ta san mutane, baƙuwa kada ta fara da bashi. Ta shiga adashi da matan unguwa, nan za ta san kowa.

Zancen wai can Najeriya nan Nijar, mu a wurinmu na masu iniform ne. Ƙanwata tana aure Gwadabawa, kishiyar maƙwabciyata ƴar Gada ce, ranar biki mota guda muke cikawa mu ƙetara mu yini mu dawo. Kusan kowa na da sim biyu, akwai ƙauyen da MTN ta fi kama waya fiye da layukanmu. Wata shekara ma sai ka ga gari guda salla biyu, wasu sun bi sanarwar Yamai wasu sun bi ta Sarkin Musulmi, a ci tuwon salla yau a ci gobe. Abu guda, kart dantite kada ta rabu da aljihunka ko nan da can za ka, shingaye sun yi yawa a hanya.

Zarmaganda_Izo

Mushe ni na yi aiki Konni, shawara ɗaya zan ba ka, in ka ga mai zane a kumatu tun daga baki har kunne to Bagobiri ne, bawana ne, ka ce ubangidansa na Yamai na gaishe shi kuma ya ɗaukar maka jaka kyauta.

Alhajin_Albasa

Kai Bazabarme ka ci albasarmu ka ƙoshi ka koma kana cika baki, ko bashin mai kopto ka biya? Mushe kada ka tsorata, wasan taubasai ne, haka za ka ji Bafillace da Ba'are suna yi a kasuwa kamar za su daki juna, in ka ga haka kada ka shiga rabo.

Mushe_Yamai

Hahaha na gode ƙwarai, Gwaggo na ji shawara, ni kaɗai zan fara tafiya. Saura maganar tsaro ba wanda ya taɓa ta. Kuma yaya Bakonne, wani abokina ya ce akwai garin da har yanzu arna ke duba abin da shekara za ta kawo, da gaske ne? Ina son in samu abin da zan riƙa ba yara na tarihin wurinsu, ba na littafi kaɗai ba.

Bakonne_a_Tawa

Masalata kenan, nan kusa da Konni. Aznan wurin na da taron arwa na shekara inda ake faɗin yadda damina za ta kasance, mutane na zuwa kallo har daga nesa, malamai na wa'azi a kai, su kuma ba su bari ba. Kuma ƙasar da ke da wannan ita ce ta haifi Shehu Usmanu, a Maratta wajen Galmi anka haife shi a 1754, Gudu inda ya yi hijira a 1804 da Tabkin Kwatto inda anka gwabza da Yunfa Sarkin Gobir duk ga su nan ƙetaren iyaka kudu da inda za ka koyar. Ka gaya ma yara wannan, ka gaya musu na 1899 da sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine sunka ƙone Birnin Konni sunka kashe mutane ba adadi, bayan sun fito daga Lugu wurin Sarauniya. Ita kanta iyakar, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 cikin rabon Ingilishi ta sa Konni, don an zana da'ira ta mil ɗari kewaye da Sakkwato, sai Faransawa sunka ga ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Zinder, anka sake zama a 1904 da 1906 sannan layin ya koma inda yake yau. Tsofaffi na da labarin duk wannan a baki, ka kai musu goro ka zauna.

Tsaro kuma ba ni ɓoye maka, ba kamar da ba ne. Ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato su ne ke fuskantar yammacin Konni, kuma can ne anka yi ta jin sunan ƴan bindigar Lakurawa tun ƙarshen 2024, gabas kuma wajen Madawa da Bangi ɓarayin daji na Sabon Birni da Isa sun koro mutane da yawa zuwa wannan gefen. Cikin gari da bisa gudro da rana mutane na harkokinsu, kasuwa na ci. Amma ƙauye da ƙauye sun bambanta, wani lafiya lau, wani mai nisan kilomita goma daga shi ba a kwana da shanu waje. Kafin ka ɗauki kaya ka kira diraktan lakwal ɗin da wanda ka canza, ka tambaye su ko suna kwana garin ko Konni suke komowa, kuma wace hanya ake bi wace anka bari. Kada ka yi tafiyar dare bisa moto, kada ka bi ɗan kabu-kabu ta hanyar daji don gudun shinge ko da ya ce ta fi kusa. Turo min sunan ƙauyen ta inbox, ina da ɗan ƙanen babana da ke saye da sayar da wake wajen, sai in tambaye shi.